Daga Faransa, zuwa ga ƙannena masu son tuƙin jirgin sama

Assalamu alaikum jama'ar Garwa, Marwa da Kusseri. Ina lafiya, ina gaida iyaye. Tambaya ɗaya ce ke ta shigowa wayata: "Yaya, wane littafi zan saya, wace manhaja zan biya don jarrabawar ATPL?" ATPL dai shi ne babban lasisin matuƙin jirgin fasinja. Zan amsa.

Kafin littafi, ku je wurin likita. Babu kamfanin da zai ba ka jirgin fasinja sai da shaidar lafiya ta mataki na ɗaya: ido, bambance launi, ji, bugun zuciya. Na ga yaron da mahaifinsa ya sayar da shanu ya biya makaranta, sai a ɗakin gwajin ido aka gane ba ya raba ja da kore. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Takardu kuwa a nan ba su da iyaka. Ba ka isa ka kai kanka jarrabawa ba, sai makarantar da aka amince da ita ta sa hannu cewa ka shirya, wannan sa hannun ma wata 12 yake yi ya mutu. Duk darussan a ƙarƙashin hukumar ƙasa ɗaya za ka rubuta su, ba rabi a Faransa rabi a Sifen ba. Ka cika dosiye, a ce fassarar takardar haihuwa ba ta da hatimi, ka koma cikin sanyin da ke sa yatsu su kasa riƙe biro, ka dawo a ce hoton ne bai yi ba. Kuma tun kuna gida ku tambayi CCAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Kamaru, 'yan Cadi ku tambayi taku, ADAC, yadda ake karɓar lasisin waje, domin tsarin Turai daban, na Amurka daban.

A tsarin EASA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama ta Turai, darussa 13 ne, kowanne sai ka ci kashi 75 cikin 100. Zaman jarrabawa shida kawai aka ba ka ka rubuta su duka, kowane darasi kuma sau huɗu za ka iya gwada shi. Ga inda mutane ke faɗuwa: daga ƙarshen watan da ka fara zama, wata 18 gare ka ka gama duka. Idan suka cika da saura ko darasi ɗaya, duk abin da ka ci ya rushe. Don haka kada ɗoki ya sa ka je ka rubuta mai sauƙi guda ɗaya don a ce ka fara. Ka buga agogo ke nan. Ni dai shawarata, a fara da masu nauyi, lissafin hanya da ilimin yanayi, tun kai bai gaji ba.

Manhajojin tambayoyi irin su Aviationexam suna da amfani, ba zan hana ku ba. Amma kun san yadda muke yi da tsofaffin tambayoyin bakaloriya, a haddace amsa a shiga aji. A nan ana sabunta rumbun tambayoyin, wasu ma lamba za ka rubuta da hannunka, ba zaɓi. Ku karanta darasin tukuna, ku yi lissafin da fensir da faifan lissafin matuƙa na CRP-5 har hannu ya saba, sannan manhaja ta nuna muku inda kuke da rauni.

Kuma kada ku raina abin da kuka taso a ciki. Iskar hunturu da ke rufe filin jirgin Garwa da ƙura tana cikin darasin ilimin yanayi, Turawan ajinmu haddace ta suke yi, mu kuwa mun shaƙe ta. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 shi ne darasin da ke bayyana dalilin da jirgi ke buƙatar doguwar hanya kafin ya tashi: iska ta yi sako-sako, inji da fiffike ba su samun abin kamawa.

Turanci wajibi ne, mataki na 4 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, Faransancinmu kaɗai ba zai wadatar a rediyon jirgi ba, ku fara tun yanzu. Cin jarrabawar ma ba shi ne cikakken lasisi ba, sai awa 1,500 a sama.

Kuɗi kam suna da yawa, masauki ma haka. Wannan sai wasiƙa ta gaba, in sha Allahu. A gaida su Baffa.