Aikin sulhu a cocin Ruwanda bayan kisan ƙare dangi

Duk wanda zai yi magana a kan aikin sulhu da coci-coci suka yi a Ruwanda, dole ne ya fara da abin da ya faru a cikin cocin kansu. A cikin kwanaki kusan 100, daga Afrilu zuwa Yulin 1994, an hallaka mutane kimanin 800,000, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi, kuma dubbai daga cikinsu sun mutu ne a ɗakunan ibada inda suka gudu neman mafaka. A Nyange, limamin cocin Katolika, Fada Athanase Seromba, ya sa aka rusa ginin cocin da katafila a kan mutanen da ke ciki, daga baya kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a 2008. A cocin Nyamata kuwa, har yau tufafin mamatan na nan jibge a kan bencuna, rufin kwano duk ramukan harsashi.

To, da wane baki cocin da aka yi haka a cikinta za ta ce wa gwauruwa ta yi gafara? Wannan tambaya ce ta sa nake ganin darajar abin da wasu Kiristoci suka yi a garin Detmold na Jamus a Disambar 1996, inda 'yan ƙabilar Hutu, wadda makasan suka fito daga cikinta, da Tutsi da Turawa suka zauna kowane ɓangare ya furta laifin nasa mutanen. Shugabannin coci kuwa sun ja ƙafa ƙwarai. Sai a Nuwambar 2016 bishop-bishop na Katolika a Ruwanda suka nemi afuwa, sannan a Maris na 2017 Paparoma Francis ya roƙi gafarar Allah kan gazawar cocin yayin ganawarsa da Shugaban Ruwanda Paul Kagame. Shekaru fiye da ashirin ba ƙaramin jira ba ne ga wanda aka kashe wa 'ya'ya a gaban bagadi.

Aikin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na Fada Ubald Rugirangoga a Mushaka, kudu maso yammacin ƙasar. Shi ɗan Tutsi ne, an kashe mahaifiyarsa da danginsa masu yawa, amma ya yafe wa mutumin da ke da alhakin kisan mahaifiyar tasa, har ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa lokacin da uban yake gidan yari. Abin da ya sa tsarinsa ya yi tasiri shi ne bai ɗora kayan a kan wanda aka zalunta ba. Wanda ya yi kisa sai a dakatar da shi daga karɓar jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a gaban bagadi, ya shafe kusan watanni shida yana karɓar koyarwa, ya tashi da ƙafarsa ya je gidan da ya yi wa ɓarna ya faɗi abin da ya aikata. Sai bayan haka ne zai durƙusa a gaban jama'a a coci, wanda ya tsira ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Ga mai ibada a ƙauye, inda kowa ya san kowa, zama a benci kowace Lahadi yayin da maƙwabta ke tashi zuwa gaban bagadi horo ne mai nauyi.

Gwamnati ma ta yi nata. Kotunan gargajiya na gacaca sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, kuma tun daga 2003 aka fara sakin fursunonin da suka amsa laifi. Sai dai kotu hukunci take yankewa, ba ta koya wa mutane yadda za su ɗebi ruwa a rijiya ɗaya. A nan ne ƙungiyar Prison Fellowship Rwanda, wadda Bishop John Rucyahana na Angilikan da Fasto Deo Gashagaza suka jagoranta, ta kafa ƙauyukan sulhu irin Mbyo a Bugesera, inda tsoffin fursunoni da waɗanda suka tsira suka buga tubalin gidajensu tare, suke kuma zaune katanga da katanga.

Duk da haka, ba na yarda da masu nuna waɗannan ƙauyuka kamar an gama komai. Akwai matan da suka ce sun yafe domin kunyar fasto da idon jama'a, alhali zuciyarsu ba ta huce ba, kuma ina ganin zalunci ne a mayar da gafara bashin da ake bin marayu. Akwai kuma masu tuba da baki da suka ƙi nuna inda suka zubar da gawawwaki. A 2023 an tono ragowar gawawwakin mutane fiye da 1,000 a gonar coci a Mibilizi, cikin yankin da Fada Ubald ya yi aiki kafin rasuwarsa a 2021. Shekaru 29 ana noma wannan fili, kuma a cikin masu zuwa ibada kowace Lahadi akwai waɗanda suka san abin da ke ƙarƙashinsa.