Sauke BMW ƙasa a titunan Legas: kayan kamfani ko na kasuwa

Motata BMW 335i ce, samfurin F30, tokumbo. Inji ba laifi, amma tsayinta bai yi mini ba: ratar da ke tsakanin taya da bodi sai ka zura hannu, kuma in na shiga kwana da gudu takan kwanta gefe.

Hanyar sauke ta ƙasa biyu ce. Ta kamfani, wato saitin M Sport, tana sauke motar da milimita 10 kawai. Sifirin na kasuwa kuwa yakan kai ta ƙasa da kusan milimita 30, ga araha. Na kasuwar na fara sawa, na bar shokazoba na asali. A gadar Third Mainland motar ta manne da kwalta kamar ƙadangare a bango. Amma ni a Agege nake kwana. Kowane tudun rage gudu sai na hau shi a karkace, ramuka kuma har cikin ƙugu nake jin su, don tayoyin run-flat, masu iya tafiya ko iska ta fita, dama bangonsu tauri gare shi. Da damina ba a magana, ruwan Lekki ya hana ni zuwa wurare da yawa.

Bakanike na, wani dattijo Bakano a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, shi ya warware mini zancen. «Alhaji, sifirin gajere da shokazoba dogo ba sa zama gida ɗaya.» Shokazoban an ƙera shi ne don wani tsayi, in mota ta sauka sai ya riƙa aiki a matse, tazararsa ta ragu, ya gaji da wuri. Kamfani kuwa tare yake auna su biyun. Mai son na kasuwa ya sayi cikakken saiti, irin na kamfanin KW ko Bilstein da ake juya tsayinsu, kuɗin ne dai ba na wasa ba.

Alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuma dole ne bayan kowace saukewa, in ba haka ba tayoyin su cinye ta ciki, waje yana nan sabo fil.

Na koma M Sport, sifirin da shokazoba duka. A hoto ba ta kai lokacin sifirin kasuwa kyau ba, abokai ma sun ce ba su ga bambanci da asalinta ba. Sitiyari dai ya fi kama hannu a kwana, kuma yanzu ina shiga layinmu kai tsaye ba tare da na sauke fasinja ba.