Mako na Uku da Taswirar Kwali: Gaɓar Arewa Ta Ba Ni Aiki

'Yan'uwa masu koyon taswira mai tudu da kwari, sannunmu da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a aikina na Mashigin Korinti, siririn ruwan tekun nan da ya raba yankin Feloponis da sauran ƙasar Girka.

Santimita 1 na sa a madadin kilomita 2, sai tsawonsa na kusan kilomita 130 ya zo mini santimita 65. Kowane fallen kwali kuma mita 200 ne na tudu ko zurfi. Dutsen Farnasos mai mita 2,457 ya ci falle 12, zurfin ruwan kuma da ya haura mita 900 na ba shi falle 5.

Kuskurena na makon jiya shi ne na yanke gaɓoɓin biyu kamar tagwaye, alhali ba su yi kama ba ko kaɗan. Ta kudu, wajen garuruwan Egiyo da Kiyato, kusan miƙaƙƙiya ce, sai 'yan filayen da koguna suka tara da yashi da tsakuwa. Ta arewa kuwa duk lungu ne da saƙo: Galaksidi, Iteya, Antikira. Sai da na fahimci dalili hannuna ya daidaita. Ƙasa ce ke tsagewa a wurin, tana buɗewa kimanin santimita 1 a shekara. Kudu na ɗagawa, arewa na nutsewa, ruwa na shiga kwaruruka. Shi ya sa girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce a can, kamar wadda ta auka wa Egiyo a 1995. Na ɓamɓare arewar gaba ɗaya na sake yanka ta da sabuwar reza, dare biyu ina kai. Lungun Iteya ya fi faranta mini rai, don na bar masa filin zaitun da ke ƙarƙashin garin Delfi.

Hanyar jiragen ruwa da aka gama haƙawa a Korinti a 1893 ba ta yankuwa a wannan ma'auni: tsawonta ya ɗan wuce kilomita 6, faɗinta bai kai mita 25 ba. Tsaga ɗaya na yi da bakin reza. Gadar Riyo ta 2004, wadda ta haɗa gaɓoɓin biyu, tsinken sakace ya wadatar.

Ku kula da hunturun nan. Gam na bushewa da wuri, kwali na lanƙwashewa, don haka ku danne kowane falle da bulo ya kwana. Jibi zan shafa garin katako da gam. Wanda ya taɓa yin fentin zurfin ruwa, shuɗi kala nawa ya haɗa?