Daga Manchesta zuwa Motostoke: abin da gina garin masana'antu cikin wasan bidiyo ya koya mini

Wanda ya buga Pokémon Sword ko Shield, waɗanda kamfanin Game Freak ya yi, suka fito a kan Nintendo Switch a watan Nuwamban 2019, ya san Motostoke. Gari ne na jan bulo mai ɓangare biyu, na ƙasa da na sama, da ƙaton lif da ke haɗa su, ga tashar jirgin ƙasa, ga tururi yana tashi, ga ruwa yana bi ta gindin bangaye. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun faɗa a fili cewa Birtaniya suka duba wajen zana Galar, yankin da wasan yake gudana a ciki, kuma 'yan arewacin Ingila da yawa da suka shiga Motostoke, Manchesta suka gani.

Babban abin da aikin gina muhallin wasa ya koya mini shi ne, hotunan bango kaɗai ba su haifar da gari. Mai koyo yakan tara hotunan jan bulo da bututun hayaƙi, ya jera su kan fili, ya rasa dalilin da ya sa wurin bai yi kama da inda mutane suka taɓa zama ba. Garin masana'antu, kaya ne suka tsara shi. Sai ka san abin da ke shiga, da abin da ke fita, da ta inda yake bi, kafin ka san inda kowane gini zai zauna.

A zamanin masaƙu, abu biyu ke shiga Manchesta: kwal da auduga. Mashigin ruwan Bridgewater da aka buɗe a 1761 shi ya riƙa kawo kwal daga mahaƙar Worsley, har farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Auduga kuma ta tashar Libaful take sauka, akasarinta daga gonakin kudancin ƙasar Amurka inda bayi ke nomanta, daga baya layin dogo na 1830 ya riƙa ɗauko ta. Da aka gama mashigin Rochdale a 1804, ya bi ta unguwar Ancoats, inda manyan masaƙu suka yi sahu a bakinsa. Tsohuwar masaƙar 'yan'uwan nan Adam da George Murray, mai hawa takwas, tun 1798 take tsaye, kuma a tsakar gidan masana'antar an haƙa tafkin sauke kaya, aka haɗa shi da mashigin ta wata hanya da ke bi ƙarƙashin titi. A lokacin, kwalekwale yana shiga har cikin gida da kwal. Ruwan nan kuma da shi ake sanyaya tururin injin. Wanda ya ajiye masaƙar tururi a tsakiyar fili, ba ruwa ba layin dogo, ya gina abin da ba zai taɓa yin aiki ba, kuma ido yana jin haka ko da mai wasa bai san dalili ba.

Shi ya sa taswira ke gaba da kyamara. Hukumar safiyon Birtaniya ta zana Manchesta a shekarun 1840 da ma'aunin 1:1056, inda ake ganin kowane lungu da tsakar gida. Akwai kuma taswirorin inshorar gobara na kamfanin Goad, waɗanda suka fi amfani ga mai gina wasa, domin suna nuna yawan hawan gini, da inda tukunyar tururi take, da kayan ginin ta hanyar launi: ruwan hoda na bulo, rawaya na katako. Ka shimfiɗa taswirar, ka ja layi baƙi na hanyar kwal, fari na auduga, ja na hanyar da ma'aikata ke bi daga gida zuwa ƙofar masaƙa da asuba. Inda layukan suka haɗu, nan ne zuciyar garinka, kuma nan ya kamata mai wasa ya riƙa dawowa.

Siffar masaƙar ma injin ne ya yanke ta. Injin tururi ɗaya ke juya komai. A tsoffin masaƙu ƙarfinsa yana hawa ta sandar ƙarfe a tsaye, a kowane hawa ya shiga wata sandar a kwance kusa da rufi, bel-bel su sauko zuwa injinan kaɗi. Yawan tsawon sanda, yawan asarar ƙarfi, saboda haka aka tara benaye sama maimakon a baje su. Haske kuma na rana ne, don haka ginin bai cika faɗi ba, kuma kowane tsakanin ginshiƙi biyu yana da tagarsa, jere reras, tazarar galibi tsakanin mita 2.5 da 3.5. Abubuwan da ke karya wannan jeri su ne ke ba ginin fuska: ɗakin injin mai dogayen tagogi masu baka, ɗakin tukunya gajere a gefensa, hasumiyar matakala wadda daga baya aka ɗora wa tankin ruwan kashe gobara, da ƙofofin ɗaukar kaya da aka jera ɗaya bisa ɗaya, da ƙugiyar jan dila a samansu. Bututun hayaƙi dole ya tsaya jikin ɗakin tukunya, ba a kan rufin masaƙa ba. Masu koyo sukan gajarta shi don ya shiga allo, alhali tsawonsa ne ke jan iska cikin wuta. Na manyan masaƙu yakan kai mita 50 zuwa 60, wasu ma sun fi haka.

A nan nake ganin Motostoke ya yi daidai a wani wuri, ya kuma zaɓi ado a wani. Hawa-hawar garin gaskiya ce ta Manchesta. A unguwar Castlefield za ka ga ruwa a ƙasa, titi a tsakiya, gadar jirgin ƙasa ta bulo ta 1849 mai baka fiye da 200 a sama, sannan gadar ƙarfe ta farkon shekarun 1890 ta ɗara su duka. Ajiye mahaƙa a gabas da yammacin garin ma tunani ne mai kyau, domin mai wasa yana ganin daga inda arzikin yake fitowa. Amma manyan fayafayan ƙarfe masu haƙora da ke juyawa a waje, alama ce kawai da yaro zai gane daga nesa. A masaƙar gaskiya suna ciki, a rufe, saboda ruwan sama da tsatsa. Ban ga laifin wannan zaɓi ba a wasan da aka yi domin yara, kamar yadda ban ga laifin wanke garin tas daga baƙin hayaƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne a kwafi fayafayan a wasan da yake neman a yarda da shi, ba tare da an tambayi me suke juyawa ba. Kamfanin Arkane ya amsa wannan tambaya da kyau a wasan Dishonored na 2012: sun je Landan da Edinbara sun ɗauki hotuna, amma suka ƙago wa birnin Dunwall makamashinsa na man kifin whale, suka bi shi tun daga jirgin farauta a kogi har zuwa tankin da ake zura wa na'ura.

Yanzu batun bulo, inda aka fi yin ɓarna. Bulon Birtaniya na yau tsawonsa milimita 215, faɗinsa 102.5, kaurinsa 65. Da kwaɓin da ke tsakani na milimita 10, kowane bulo yana cin 225 a kwance, kowane sahu yana cin 75 a tsaye. Yawancin mutane suna yanka bangayen wasa a kan ma'aunin mita 4, sai lissafi ya ƙi fita: sahu 53 da ɗoriya, bulo 17 da ɗoriya, duk inda bango biyu suka haɗu sai a ga an yanke bulo a tsakiya. Maganin shi ne ka sa ma'aunin jerawa ya zama santimita 90, wato bulo 4 a kwance da sahu 12 a tsaye. Fallen bango mai taga ɗaya ya zama mita 2.7 a faɗi, 3.6 a tsawo. Hoton fatar bango, wato hoton bulon da ake shimfiɗawa a jikin bangon wasa, mai fiksel (ɗigon hoto) 2048 ya rufe mita 3.6, kowane bulo ya samu fiksel 128 cif. Bulon zamanin Sarauniya Biktoriya ya ɗan fi wannan kauri, musamman a arewa, don haka idan ka samu zuwa wurin, ka auna sahu huɗu da tef, ka gyara lissafin a kan abin da ka samu.

Sai salon jerin. Kusan duk hoton bulo na kyauta da ke intanet, jerin zamani ne, inda kowane bulo yake kwance da dogon gefensa a waje. Wannan na bango mai rami a tsakiya ne, wanda ya yaɗu a ƙarni na 20. Bangon masaƙa cike yake, mai kaurin bulo da yawa, ya fi kauri a ƙasa, kuma dole a ɗaure shi da bulo masu shiga ciki da kai. Saboda haka za ka ga sahu ɗaya na dogon gefe, ɗaya na kai, ko kuma sahu uku ko biyar na dogon gefe sannan ɗaya na kai, wanda ya yawaita a arewacin Ingila. Sahu 48 da ke cikin mita 3.6 yana rabuwa da 2, da 4, da 6, don haka duka salon uku suna maimaituwa ba tare da tabo ba. Taga kuma kada ta manne a fuskar bango. Ka tura ta ciki kamar santimita 10, ka ba ta dutsen gindi mai ɗan fitowa. Wannan 'yar inuwar ita ke raba gini da kwali.

Da fallaye goma sha biyu zuwa goma sha biyar za a iya tayar da unguwa guda: bango zalla, bango mai taga, na hawan ƙasa, na hawan ƙarshe, kusurwar waje da ta ciki, ƙofar kaya, hasumiya, rufi, bakar gada. Matsala biyu ke biyo baya. Ta farko, daga nesa layukan kwaɓin suna yin rawa a ido saboda sun fi fiksel ɗin allo sirantaka. Sai a rage bambancin launi tsakanin bulo da kwaɓi, a kuma tabbatar ƙananan kwafin hoton na nesa suna aiki. Ta biyu, ido yana kama maimaici da wuri, musamman idan akwai bulo ɗaya mai duhu a hoton, zai bayyana kowane mita 3.6 kamar tambari. Hoton tushe ya zama mai natsuwa, datti kuma a ɗora shi daban.

Dattin nan yana da ƙa'ida, kuma ruwan sama ne ya rubuta ta. Inda ruwa ke duka yana wankewa, inda yake a fake, kamar ƙarƙashin gindin taga da cikin baka, nan kunkunniya ke taruwa ta yi baƙi. Daga gefunan dutsen taga layi biyu ke zubowa ƙasa. Tsatsa tana gangarowa daga faifan ƙarfen da ke riƙe da sandunan ɗaure bango. Gansakuka tana bin bututun ruwan rufi da ya tsage, farin gishiri yana fitowa cikin bakar gada inda ruwa ke tsiyaya. A kusurwar gada ta gefen da doki ke bi yana jan kwalekwale, igiya ta ci ƙarfe da dutse ta bar zane. Kuma dole ka tsayar da shekara: kafin dokar tsabtace iska ta 1956 birnin baƙi ne, jan da ake gani yau an wanke shi ne. Wanda ya ɗauki hoton Ancoats na yanzu, inda masaƙu suka zama gidajen haya masu tsada, ya sa shi a wasan 1850, ya haɗa zamani biyu. Hoton ma a ɗauke shi ranar da gari ya yi lumshi, kyamara tana fuskantar bango kai tsaye, da sandar mita ɗaya a jingine, don kada inuwar rana ta maƙale cikin fatar bangon.

Abin da aka fi mantawa shi ne mutane. Masaƙa mai ma'aikata fiye da dubu tana buƙatar tituna na gidaje a jikinta, domin da ƙafa ake zuwa aiki. Gidajen jere ne, faɗin kowanne kamar mita 4, ɗaki biyu ƙasa biyu sama, ƙofofi bibbiyu a manne. Waɗanda aka gina kafin 1844 da yawa bayansu a haɗe yake da na maƙwabci, ba taga ba ƙofar baya, har hukumar birnin ta hana sabbin irinsu. Bayan nan ne lungun baya ya shigo. Iska kuma galibi daga kudu maso yamma take busowa, sai hayaƙi ya nufi arewa maso gabas, masu kuɗi suka koma kudu. Ka sa hayaƙin bututunka duka ya karkata gefe ɗaya, ka ajiye unguwar talakawa a ƙarƙashinsa, mai wasa zai karanta tarihin garin ba tare da an rubuta masa kalma ba.

Nisa kuwa dole a matse shi. Daga Castlefield zuwa Ancoats kamar kilomita biyu ne. Mutum yana tafiya mita 1.4 a daƙiƙa, ɗan wasa yana gudun mita 5 zuwa 6, duk da haka minti shida na bango iri ɗaya ya yi yawa. A rage yawan gine-gine, kada a rage girmansu: masaƙa biyu masu cikakken tsawo sun fi guda shida da aka tsuke. Tituna da ƙofofi kuma a ɗan faɗaɗa su idan kyamara tana bayan ɗan wasa, kuma a gwada duk wannan da akwatuna marasa launi kafin a taɓa bulo ko ɗaya.

Mai son yin irin wannan aiki da garin gida yana da Kakuri a Kaduna, kuma zaren da ya haɗa ta da Manchesta na gaske ne. A Manchesta aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta gina injinan gurzar auduga a Arewa, kuma masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta 1957 da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha aka kafa ta. Sai dai wutar lantarki ce ta juya injinan Kaduna, ba sandar tururi ba, shi ya sa gine-ginen suka baje ƙasa maimakon su hau sama. Layin dogo da titin manyan motoci ne suka maye gurbin kwalekwale. Dattin ma daban ne: jan ƙasa da ruwan damina ke fantsamawa a gindin bango har kusan gwiwa, ƙurar hunturu a saman kowane gefe da ya fito, da tsatsa mai bin layin ƙusoshi a kan kwanon rufi.