Na bi lodin albasa har Galmi

Jiya da dare na dawo, har yanzu rigata warin albasa take. Kawuna ne ya ce in raka shi in ga yadda ake harkar, tunda kullum ina mita wai dillalai ne ke cutar manoman Wurno da Goronyo.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba wani labari, Kware, Gwadabawa, sai shinge bayan shinge. A wani shingen wani mai kaki ya karɓi takardun direba ko buɗewa bai yi ba, ya ce mu koma gefe, munka yi kusan awa biyu cikin rana, kuma albasa ba ta son zafi, shi ma ya san haka shi ya sa ko kallonmu bai yi. Kawu ya ce da ni "ɗana yi shiru, wannan ma cikin kuɗin buhu yake."

A Ƙonni, da munka shiga Nijar, na sha kunya. Munka yi canjin naira zuwa sefa, abin da anka miƙo mana ko aljihu bai cika ba, sannan mai shayi ya ce dala ɗari, na miƙa mishi sefa 100, ashe su dala ɗaya sefa 5 ce, 500 yake nufi. Dariya har da masu kabu-kabu.

Galmi kam albasa ce gari guda, ja mai kyau, ga rudu ko'ina da suke ajiya a ciki. Mai masaukinmu wani dattijo, ya sa anka dama muna fura da ta fi ta gida kauri, ya hana mu biyan ko sisi. Shi ya zaunar da ni ya yi min lissafi: kuɗin buhu, ɗinki, 'yan dako, la'ada, kuɗin tirela, na duwan (kwastan), na shingaye, sannan wadda za ta ruɓe kafin a kai Kumasi ko Akara. Kuma buhun nasu sai an ɗora mishi hula a sama, manomi ya ba da ƙari a kuɗin buhu ɗaya, wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan, na faɗa mishi, ya yi murmushi kawai.

Dawowa ta Illela ce dai. Taya ta fashe kusa da Gwadabawa, kawu ya ciro ɗan littafinshi ya rubuta.