Kwana ɗaya a Minamata

Ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Minamata, can kudancin Japan, abin da na fara gani ƙofar wata masana'antar sinadarai ce, ga ta ga tasha. Daga nan kamfanin Chisso ya yi ta sakin ruwan dagwalo mai ɗauke da sinadarin makuri cikin teku, tun 1932 har 1968. Kifi ya sha, mutane suka ci kifi. Kyanwoyin masunta ne suka fara nuna alama, su yi ta juyi suna tangaɗi, wasu su faɗa ruwa. Ranar 1 ga Mayu 1956 likitoci suka kai rahoton cutar da ta kama mutane, wadda ake kira cutar Minamata, amma sai bayan shekara 12 gwamnati ta yarda daga masana'antar take.

Da ƙafa na bi ta Hyakken, bakin magudanar da dafin ya riƙa fita. Ƙaramin wuri ne, mutum zai wuce shi bai lura ba.

Daga nan sai fili ya buɗe: ciyawa shar, lambun furanni, yara na buga ƙwallo. Hekta 58 ne, kuma a da duk teku ne. Tsakanin 1977 da 1990 aka yashe laka mai guba daga ƙasan ruwa, aka tara ta nan, aka killace da bangon ƙarfe, aka rufe da ƙasa. Ashe a kan dafin nake tafiya. Sai da na tsaya cak, na dubi takalmina.

A kan tudu, kusa da gidan tarihin cutar da aka buɗe a 1993, akwai dandalin tunawa da wani mai zanen gini ɗan Italiya, Giuseppe Barone, ya tsara, aka kammala a 1996. Dunƙulen ƙarfe 108 ne masu ƙyalli, warwatse a kan matakala, kai ka ce ɗigon makuri ne ke gangarawa teku. Ya yi kyau ƙwarai, amma ni bai taɓa ni kamar ƙananan gumakan dutsen da ke bakin ruwa ba, waɗanda masu cutar da 'yan'uwansu suka sassaƙa da hannunsu. Wasu fuskokin a karkace suke, duk suna kallon teku. Nan ƙauyen Bagega ya faɗo mini, da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 sanadin haƙar zinariya. Na yi musu addu'a tare da na nan.

Tun 1997 aka cire ragar da ta killace gaɓar don hana kifi mai guba fita, aka ce kifin ya tsarkaka. Da magariba mai masaukina, wata dattijuwa, ta kawo mini shinkafa da ƙananan kifi. Ta tsaya tana kallona, ba ta ce komai ba. Na yi bismilla, na ci.