Haɗin gajiya ne ya gajiyar da ni

Shekara uku na yi ina barcin awa takwas ina tashi kamar wanda ya kwana yana dakan gero. Lokacin ina da shekara 26, ina ɗinki a wani shago a Kano, ba mata ba 'ya'ya, babu abin da zai hana ni runtsawa. Ƙarfe goma na dare na kwanta, na tashi na yi asuba, na koma sai bakwai. Amma kafin azahar ƙafata ta yi nauyi a kan keke, ido na rufewa, zaren da a da nake zurawa a allura sau ɗaya sai na yi huɗu ban samu ba. Ƙannena, na rubuto muku wannan ne domin na san a cikinku akwai masu irin wannan gajiya, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kuskurena na farko, na bar kowa ya zama likitana. Maigidana ya ce maleriya ce da taifot. Gwaggona ta leƙa idona ta ce shawara ce, ta aiko min da jiƙo a galan. Abokan majalisa kuwa kun san su, komai a wurinsu basir ne. Duk wanda ya faɗi tasa sai na bi. A shekara ɗaya sau uku aka yi min alluran maleriya ba tare da an ɗiga jinina an duba ba. Kowane karo sai na ɗan ji dama-dama kwana biyu, saboda na huta a gida, sannan gajiyar ta dawo inda take.

Na biyu shi ne babba, kuma a kansa zan daɗe. Kun san ƙullin nan da ake saya a kemis ko a hannun masu tallar magani a faranti, wanda ake ce wa haɗin gajiya. Ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna. Kusan kullum da daddare sai na haɗiye ƙulli guda, sau da yawa cikina babu komai sai shayi. Gaskiya yana kashe ciwon baya da na kafaɗa, shi ya sa na riƙe shi. Ban taɓa tambayar me ke ciki ba. Sai daga baya na san cewa irin wannan haɗi yakan ƙunshi diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun a ƙulli ɗaya. Waɗannan magunguna suna rage kariyar da Allah ya yi wa bangon ciki, sai ruwan tsamin da ke narka abinci ya fara cin bangon, ya zama gyambo, gyambon ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan. Ba za ka ga jan jini ba. Kafin ya fito ya riga ya narke, sai dai ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari na daban. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, na ce ai zoɓon da na sha ne.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Iskar da muke shaƙa, jini ne yake ɗaukarta ya kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa, ta hanyar wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira himogulobin. Shi kuma ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Ƙwayar jini takan yi kwana wajen 120 sannan ta mutu, jiki ya kwashe ƙarfen da ke cikinta ya sake ƙera wata. Amma jinin da ya zuba ya tafi da ƙarfensa. In yoyon ya daɗe sai ajiyar ta ƙare, jini ya yi ƙasa, zuciya ta koma gudu don ta cike giɓin. Shi ya sa hawa bene ɗaya yake sa ni haki, nake jin bugun zuciyata a kunne. Barci yana hutar da jiki, amma ba ya mayar da jinin da ya tsiyaye. Ko awa goma sha biyu na yi, zuba ruwa nake a kwando.

Shayi ma ya ba da tasa gudummawar, duk da har yau ban iya rabuwa da shi ba. Karin kumallona shayi da burodi, da rana in na ci garau-garau in kora da shayi, da dare kuma a ɗora buta a majalisa a yi mai kauri har zagaye uku. Ganyen shayi yana da wani abu mai riƙe ƙarfen da ke cikin wake da ganyaye ya hana hanji tsotse shi, in dai tare aka haɗa su a ciki. Ga kuma kafeyin, wanda ke cikin shayi da kofi da goro da lemukan ƙarin kuzarin nan na gwangwani. Bayan awa biyar zuwa shida da sha, kusan rabinsa yana nan a jiki. Ke nan shayin ƙarfe tara na dare bai sake ni ba har biyu ta wuce. Ido a rufe, amma barcin sama-sama ne.

Asirin ya tonu ne cikin azumi, a sallar tarawihi. Na ɗago daga sujada sai duhu ya rufe ni, na tafi luu na faɗa kan na kusa da ni. A cikin sahun akwai wani dattijo ma'aikacin jinya, maƙwabcinmu. Ya ja fatar idona ta ƙasa, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce gobe da safe in same shi mu je asibiti. Gwajin bai ɗauki awa guda ba. Himogulobin ɗina 8. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi in ya gaza 13 yana da ƙarancin jini, mace mara ciki kuma 12.

Na ɗauka likita zai rubuta min maganin ƙarin jini na kwalba in kama gabana. Sai ya zaunar da ni yana tambayar ta ina jinin yake fita, domin saurayi mai cin abinci jininsa ba ya ƙarewa haka kawai. Ya tambayi launin bayan gidana, ya tambayi magungunan da nake sha. Da na ciro ƙullin daga aljihu ya zazzage shi a kan tebur, ya ware ƙwayoyin da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, kunya ta kama ni. Aka hana ni haɗin, aka ba ni maganin gyambon ciki, aka ɗora ni kan ƙwayar ƙarfe wata da watanni. Ko bayan jinin ya dawo daidai sai da na ƙara kusan wata uku ina sha, don a cika rumbun da ya zama wayam. In an ba ku ita ku sani ita ma tana baƙanta bayan gida, tana iya taurara shi. Kada ku kora ta da shayi ko madara, ku sha da ruwa ko da lemon zaƙi, bitamin C yana taimaka mata ta shiga jiki. Kuma kada wanda ya karanta wannan ya ruga kemis ya saya da kansa. Mai sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, alal misali, ƙarfe yawa yake yi masa.

Ƙannena mata, ku abin ya fi samu, kuma ku kuka fi yin shiru. In al'ada tana wuce kwana bakwai, ko tana sa ki canza audugar mata kowace awa ɗaya ko biyu, ko tana zuwa da gudaji manya, wannan ma yoyo ne, kuma ana maganinsa. In kin ga kina kwaɗayin tauna ƙanƙara ko farar ƙasa, jikinki ne ke neman ƙarfe. Ki faɗa wa Umma ko yayarki ta raka ki, kunya ba ta ƙara jini. Ku kuma 'yan uwana na wajen noman rani da masu wanka a kududdufi, jinin da ke biyo ƙarshen fitsari tsargiya ce, ba alamar balaga ba, kuma akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi ta je hanji tana shan jini. Dukansu maganinsu mai sauƙi ne.

Ba kowace gajiya ce ta jini ba, kada in ruɗe ku da labarina. Wani ciwon suga ne, za ka ji yana yawan ƙishirwa, yana tashi fitsari sau uku sau huɗu a dare, yana ramewa. Wani minshari ne mai ɗauke numfashi, abokin ɗakinsa ne zai ba shi labari, shi bai sani ba. Wani kuma damuwa ce ta danne shi, abin da yake so a da ya fita daga ransa, ya kwana ya wuni a ɗaki ana ce masa malalaci. Shi ma wannan ciwo ne, likita ke duba shi. Abin da nake roƙonku kawai, gajiyar da ta wuce wata guda ba ta tafi ba, a kai ta a gwada jini da suga kafin a sa mata suna. In kuwa har da baƙin bayan gida ko aman jini, ba a jiran gobe.

Makon jiya na ga wani yarona a shago ya juya baya yana kwance 'yar leda. Na ce ya kawo. Na zazzage a kan teburin yanka, ƙwaya biyar, na ce ya faɗa min sunan ko da guda ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Oga, ai na gajiya ne." Na ja fatar idonsa na duba yadda dattijon nan ya yi min. Na ce ya ajiye wandon da yake ɗinkawa, ranar Litinin da sassafe ya same ni a bakin titi, kuɗin gwajin a kaina.